Yadda Za Ki Taimaki Yaronki Ya Gyara Rubutunsa

Darasinmu na wannan fitowa a kan wani abu ne da yawancinmu muke ɗauka ƙarami, ba ma tuna shi sai ranar da aka kawo sakamakon jarrabawa, wato rubutun hannun yaranmu.

'Yar'uwa, yaushe rabonki da ki zazzage jakar makarantar yaronki ki duba littattafansa shafi bayan shafi? Idan kin duba, wataƙila kin tarar da jan biron malami a gefe yana cewa a gyara rubutu, kika ce da shi, "Kai wannan wane irin jagwalgwalo ne kamar tonon kaji?", daga nan kika rufe littafin kika koma kicin. Haka da yawanmu muke yi, domin an sa mana a rai cewa iya tafiyar tsutsa baiwa ce, wanda Allah Ya ba shi ya samu, wanda bai samu ba sai haƙuri. To abin da nake so ki fita da shi daga wannan darasi shi ne, kyan rubutu koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon tuƙin tuwo da kitso, mataki bayan mataki, kuma mafi yawan matakan nan a tsakar gida ake taka su, a gaban uwa.

Bari in fara da kaina. Lokacin da ɗan farina yake aji uku na firamare, duk abin da aka tambaye shi da baki zai amsa, amma a takarda sai ya dawo da maki kaɗan. Na ɗauka lalaci ne, na shiga buge masa hannu da rula duk dare. Ba a yi wata biyu ba yaron ya fara yage shafukan da aka yi masa jan biro, in na tambaye shi aikin gida sai ya ce malam bai bayar ba. Kin ga ina neman gyara rubutu, na koya wa ɗana ƙarya. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta daɗe tana koyarwa kafin ta yi ritaya ita ce ta ce in turo mata shi. Ta sa shi ya kwafi layi biyu tana kallonsa, ba ta ce masa komai ba. Da na je sai ta ce, "'Yar nan, abu uku na gani. A kwance rubda ciki yake rubutu, ya dunƙule fensir a tafin hannu kamar muciya, sannan daga ƙasa yake fara harafi ya yi sama. A cikin ukun nan wanne ne duka zai gyara?" Wallahi kunya ta hana ni amsa. Abubuwa ukun nan muka bi ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen zangon karatu na gaba malaminsa da kansa ya aiko yana tambaya wane ne yake yi masa darasi a gida.

Me ya sa za mu damu da rubutu?

Wata za ta ce ai yanzu zamanin waya da kwamfuta ne. Gaskiya ne cewa tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta. Amma tun daga firamare har ƙarshen sakandare, da biro yaro yake kwafe darasi daga allo, da biro yake amsa gwajin aji, da shi kuma ɗalibai masu yawa suke rubuta insha'i da dogayen amsoshi a manyan jarrabawa. Mai makin jarrabawa takardu ne jibge a gabansa, ba shi da lokacin tsayawa yana hasashen abin da ɗanki yake nufi. Abin da ya iya karantawa shi yake ba wa maki.

Na biyu, rubutu da hannu yana zaunar da karatu. A shekarar 2012 wasu masana a Jami'ar Indiyana ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da yara 'yan shekara 5 da ba su fara karatu ba. An sa yaran su rubuta haruffa da hannunsu, ko su bi kan ɗigo-ɗigon da aka yi musu, ko su danna a kwamfuta, sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan. Sassan ƙwaƙwalwar da ake karatu da su sun fi motsawa bayan yaro ya rubuta harafin da kansa. Malamanmu na allo sun daɗe a kan wannan hanya, shi ya sa ɗalibi idan ya yi nisa shi yake rubuta allonsa.

Na uku, rubutu amana ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Yaron da bakwai ɗinsa take kama da ɗaya, shidarsa take kama da sifiri, gobe shi ne zai riƙe littafin bashi a shago, ko ya rubuta adadin magani, ko lambar asusun banki. Kuma idan muka duba tarihi, bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira, wasu fursunonin da suka iya rubutu an karɓi koyar da yaran Madina a matsayin fansarsu. Mace ce kuma, Shifa'u 'yar Abdullahi, ta koya wa Uwar Muminai Nana Hafsa rubutu. Saboda haka wannan aiki ba baƙonmu ba ne.

Mataki na farko: a gina hannu kafin a ba shi fensir

Da rarrafe yaro kan tashi. Hannun ƙaramin yaro bai gama ƙwari ba, ƙasusuwan wuyan hannunsa ma da sauransu, kuma ƙarfi daga kafaɗa yake sauka zuwa gwiwar hannu, kafin ya isa yatsu. Masu lura da girman yara sun ga cewa yawanci ɗan shekara 2 layi tsaye yake iya kwaikwaya, ɗan shekara 3 ya zana da'ira, wajen shekara 4 ya gicciya layi biyu ya kuma zana murabba'i, sai wajen shekara 5 yake iya zana mai kusurwa uku. Wani yaro yana riga wannan, wani yana ɗan jinkiri. Abin lura a nan shi ne, haruffa irin su k da w da z da karkatattun layuka ake yin su. Idan aka tilasta wa ɗan shekara 3 cika shafi da su, zai nemo dabarar da hannunsa zai iya, ya damƙe fensir da ƙarfi, wannan muguwar dabara kuma ita za ta bi shi har girma.

To me za ki yi a waɗannan shekaru? Ba sai kin sayi komai ba, ayyukan gidanmu sun isa:

1. Ki zaunar da shi ya taya ki ɓarar gyaɗa, tsintar wake da shinkafa, da tsige ganyen zogale. Duk da babban yatsa da manuniya ake yin su, su ne kuma yatsun rubutu. Sai dai ki sa ido a kan ƙarami kar ya kai baki ko hanci.

2. Ki gutsura masa ƙullin fulawa ko dawo ya mulmula, ki bar shi ya gina shanunsa na laka, ya haɗa motarsa ta kara.

3. Ki ba yarinya zare da duwatsun wuya ta zura, ki bar ta ta yi 'yar carafke da ƙawayenta.

4. Ki daina ɓalla masa maɓallin riga da ɗaure masa zariya saboda sauri. Ki tashe shi da wuri ya yi da kansa.

5. Ki zuba rairayi a tire ya zana da yatsa, ko ki ba shi alli ya yi manyan layuka da da'irori a jikin bango ko a sumuntin tsakar gida. Zane a tsaye yana ƙarfafa kafaɗa.

Yaron da yake wuni yana shafa fuskar waya da yatsa ɗaya ba ya samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ki rage masa wayar, ko da zai yi kuka kwana biyu.

Mataki na biyu: zama da haske

Yawancin yaranmu a ƙasa suke aikin gida, wani a kwance, wani ya ɗora littafi a cinya, wani a kan katifa tana lotsawa. Ko babban malami ne ba zai yi rubutu mai kyau a haka ba. Idan akwai tebur, ki tabbatar ƙafafunsa suna taɓa ƙasa, in ba sa kaiwa ki sa masa bulo ko kwali ya taka, tebur kuma kar ya wuce daidai gwiwar hannunsa sosai. Idan babu tebur, ya zauna a tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ki ajiye masa 'yar kujerar tsakar gida ko benci a gabansa ya ɗora littafin. Hannun da ba ya rubutu da shi ya dafe takarda. Mai rubutu da dama ya ɗan karkata kan littafin zuwa hagu.

Sannan haske. Ki ajiye fitila ta ɓangaren hannun da ba ya rubutu da shi, don kar inuwar hannunsa ta rufe masa layi. In kin san unguwarku ana yawan ɗauke wuta, ki mayar da lokacin rubutu da rana. Tocilan waya da ƙanwarsa take haska masa tana rawa da hannu ba hasken rubutu ba ne.

Mataki na uku: riƙon fensir da kayan aiki

Riƙon da ya fi sauƙi shi ne na yatsu uku: babban yatsa da manuniya su kama fensir, ya kwanta a gefen yatsan tsakiya, sauran biyun su naɗe a tafin hannu. Ya kama sama da tsinin da kamar faɗin yatsansa biyu. Yara sukan kai ga wannan riƙo tsakanin shekara 4 zuwa 6. Ga dabaru biyu. Ki ba shi guntun fensir ko guntun alli wanda bai fi tsawon ƙaramin yatsanki ba, domin guntu ba ya dunƙuluwa a tafi, dole ya kama da yatsu. Ko ki ba shi 'yar ƙwallon auduga ya riƙe da yatsu biyun ƙarshe yana rubutu, ki ce kar ya bari ta faɗi.

Yaya za ki gane yana dannewa da yawa? Ki juya shafin ki shafa bayansa. Idan kin ji haruffa sun fito kamar an yi zane da ƙusa, ko kin ga kan yatsunsa ya yi fari, ko yana yawan yarfe hannu, to ya matse. Ki ce ya rubuta layi ɗaya da nauyi, ɗaya sakwa-sakwa, ɗaya tsaka-tsaki, ya zaɓi wanda bai gajiyar da shi ba.

Idan yaro ya girma da riƙon yatsu huɗu, rubutunsa yana karantuwa, hannunsa ba ya ciwo, ki ƙyale shi. Ba kowane bambanci ne aibi ba.

Kayan aiki kuwa, fensir mai alamar HB a fiƙe, magogi mai kyau da ba ya baƙanta takarda, da littafin koyon rubutu mai layi huɗu, ja da shuɗi. Kar ki yi gaggawar ba shi biro don ya ga yayyensa da shi, biro yana santsi kuma ba ya goguwa. Fiƙe fensir da reza aikinki ne, kar ki bar wa yaro.

Mataki na huɗu: a koyar da haruffa gida-gida

Mun saba mu fara daga a mu bi jeri har z. Wannan jeri na haddacewa ne. Wajen rubutu ya fi kyau a haɗa haruffan da hannu yake bin hanya ɗaya wajen yin su:

Gidan tsaye: l, i, t, u, j, y. Daga sama ake saukowa.

Gidan kewaye: c, o, a, d, ɗ, g, e, s. Yawancinsu kamar c ake fara su, daga sama a kewaya ta hagu. Wanda ya iya c ya kusa iya a da d da g.

Gidan tudu: r, n, m, h, b, ɓ, k, ƙ. A sauko, a koma sama a kan layin, sannan a yi tudu ko reshe.

Gidan karkace: w da z, tare da v da x da zai haɗu da su a Turanci. P da q na Turanci kuma, p ta shiga gidan tudu, q ta shiga gidan kewaye.

Ki zauna a gefensa, kar ki zauna a gabansa, don kar ya ga hannunki a juye. Ki rubuta harafin babba a hankali kina faɗin hanyarsa da baki: "A kewaya, a hau sama, a sauko." Ya yi a iska, ya yi a rairayi, ya bi kan naki sau biyu ko uku, daga nan ya yi nasa shi kaɗai. Kar a daɗe a bin ɗigo. Kuma idonki ya kasance a kan hannunsa lokacin da yake yi, domin harafi yana iya fitowa daidai alhali ta bayan gida aka shiga, kamar yadda ɗana yake farawa daga ƙasa. Irin wannan ba ya nuna illarsa sai an kai ajin da malami yake shifta da sauri.

Bayan siffa sai abu uku: tsawo, layi da tazara. Ki nuna masa cewa haruffa iri uku ne, gajeru masu zama tsakanin layuka biyu na tsakiya kamar a da n, dogaye masu taɓo sama kamar l da h, da masu jela da take sauka ƙasa kamar g da y. Kowa ya zauna a kan layi. Tsakanin kalma da kalma ya ajiye yatsansa ɗaya. Sau da yawa tazarar nan kaɗai idan aka gyara, sai ki ga shafin ya washe.

Idan ɗan shekara 5 ko 6 yana juya b ta zama d, ko yana rubuta 3 a baibai, kar ki tayar da hankalinki, yara da yawa suna yi har wajen shekara 7. Koyar da su a gidaje daban-daban yana maganin wannan, tunda b da sanda ake fara ta, d kuwa da kewaye.

Mataki na biyar: lanƙwasa da ɗigo

Yaranmu suna ɗauke da nauyin da ya kamata mu tausaya musu a kai. Da safe a boko hannu yana tafiya daga hagu zuwa dama, da yamma a Islamiyya ko makarantar allo ya juya daga dama zuwa hagu. Don haka kar ki haɗa masa biyun a zama ɗaya. Kowanne da littafinsa da lokacinsa, kuma a farkon koyo ki sa masa ɗan ɗigo a gefen da zai fara.

A rubutun Hausa ki kula masa da lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ. Ki mayar da abin wasa: ya rubuta "Baba ya tafi fada", sannan ya ƙara lanƙwasa ya karanta, ya ga Baba ya tafi faɗa. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa. Yaron da ya yi dariya a kan wannan ba zai sake mantawa ba.

A Larabci kuma ɗigo ne. Ba'un da ta'un da sa'un jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su. Kalmar rahim da kalmar rajim, ɗigo ɗaya tak ne tsakaninsu, ga shi ɗaya mai jinƙai take nufi, ɗaya kuwa jefaffe. Ki koya masa ya gama jikin kalma sannan ya dawo ya sa ɗigo a mazauninsa, ya kuma san haruffa shida da ba sa haɗuwa da na bayansu: alif, dal, zal, ra, zai da waw. Wani abin da yake rikita yara shi ne, a rubutun allo irin namu na Warshu, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A bugun Hafsu da yawancin Islamiyyu suke amfani da shi kuwa, fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu a sama. Yaron da yake zuwa makarantun biyu zai ga harafi mai ɗigo ɗaya a sama, nan a ce masa ƙaf, can a ce masa fa. Ki zaunar da shi ki nuna masa cewa kowanne daidai ne a muhallinsa.

Idan yaronki bahago ne

Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, haka Allah Ya halicce shi, kuma yawanci kafin shekara 6 hannun da yaro ya fi ƙarfi da shi yake bayyana. Ci da sha da dama umarni ne, wannan a koya wa bahago da lallashi, kuma suna iyawa. Rubutu kuwa, malamai da dama sun yi bayanin cewa babu laifi a yi shi da hagu. Ɗaure hannun yaro ko dukansa don ya koma dama yakan bar shi ba ga tsuntsu ba ga tarko, dama ba ta yi kyau ba, hagu ta lalace, ga tsoron makaranta. Abin da yake buƙata shi ne ya karkata kan littafi zuwa dama, ya kama fensir ɗan sama kaɗan don ya riƙa ganin abin da yake rubutawa, hannunsa ya kasance ƙarƙashin layi kar ya lanƙwaso shi ta sama. Ki roƙi malami ya zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu, don kar gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Za ki lura ma rubutun Larabci ya fi zo masa da sauƙi, tunda hannunsa ba ya bi ta kan abin da ya rubuta.

Minti goma a rana

Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba lokacin da ya shigo a gajiye daga makaranta ko aike ba. Ga yadda za ki raba: minti biyu ya motsa yatsu, ya dunƙule ya buɗe, minti uku harafin yau, minti uku kalmomi ko jimla ɗaya mai ɗauke da harafin, minti biyu shi da kansa ya duba ya zagaye harafin da ya fi kyau, ya gaya miki dalili. Layi uku masu kyau sun fi shafi guda na gaggawa. Ki fara neman kyau, sauri zai biyo baya, sannu ba ta hana zuwa.

Ki sa wa rubutun amfani. Ya rubuta miki cefane kafin a tafi kasuwa, ya rubuta sunayen ƙannensa a littattafansu, ya rubuta wa kakarsa 'yar takardar gaisuwa. Ranar da maigida ya dawo da cefane daidai saboda ya iya karanta takardar, ki faɗa a gaban yaron. Ki kuma ajiye shafin ranar farko da kwanan wata, bayan wata guda ki fito da shi ku gwada da na yau.

Abubuwan da za ki kiyaye

Kar ki buge hannun da kike so ya saki jiki. Tsoro yana sa yatsu su ƙage.

Kar ki mayar da rubutu horo, ki ce ya cika shafi biyar saboda ya fasa kofi.

Kar ki yage masa shafi, kar kuma ki goge duka. Abu ɗaya za ki gyara a rana.

Kar ki gwada shi da wani, musamman a gidan da ake da abokiyar zama. "Dubi rubutun ɗan ɗakin can" ba ya gyara harafi ko ɗaya, sai dai ya shuka gaba tsakanin 'yan'uwa. In kuma akwai ɗan riƙo a hannunki, shi ma a shimfiɗa masa tabarmar.

Kar ki yi masa aikin gida da hannunki ko ki sa yayarsa. Malami zai ɗauka ya iya, ya wuce da shi gaba.

Yabo kuma ki faɗi takamaiman abu: "Masha Allah, yau duk haruffanka sun zauna a kan layi."

Yaushe za a nemi taimako?

Idan yaro yana kai fuskarsa dab da takarda, yana ƙanƙance ido in ya kalli allo, ko yana yawan kukan ciwon kai, a kai shi asibitin ido, wataƙila tabarau kawai yake buƙata, kuma tabarau ba abin kunya ba ne. Idan ya wuce shekara 8 har yanzu yana juya haruffa, ko hannunsa yana ciwo ko karkarwa, ko an yi watanni ana ƙoƙari babu canji alhali da baki yana da fahimta, to ki sami malaminsa ku yi magana, sannan ku ga likitan yara. Akwai larurar da take sa rubutu ko karatu ya yi wa yaro wuya ƙwarai duk da kaifin basirarsa. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, kuma kiransa da wannan suna yana iya raba shi da makaranta gaba ɗaya.

Ke kuma da ba ki yi boko ba

Kar ki ce wannan darasi ba naki ba ne. Matakai ukun farko babu wanda yake buƙatar sanin harafi. Ke da kike zana lalle ba tare da hannunki ya karkace ba, kike gane ɗinkin da ya kauce tun daga nesa, ai za ki gane layin da ya hau da wanda ya sauka. Ki ce malami ya rubuta muku samfuri a saman shafi. In da hali ki sayi littafi biyu, naki da nasa, ki ce ya koya miki. Yaron da yake koya wa mahaifiyarsa harafi yakan ƙawata shi iyakar iyawarsa. Ajujuwan matan aure kuma a buɗe suke, ba a girma da neman ilimi.

Aikin wannan wata

Yau da dare ki sa yaronki ya kwafi layi biyu, ki yi shiru ki kalle shi kamar yadda dattijuwar nan ta yi. Ki duba abu huɗu: yadda ya zauna, yadda ya riƙe fensir, inda yake fara harafi, da tazarar kalmominsa. Ki ɗauki guda ɗaya da ya fi buƙatar gyara, ku yi mako biyu a kansa kafin ki taɓa na gaba. Idan kun haɗu da 'yan'uwa a wajen ta'alimi, kowa ta zo da shafin farko da na ƙarshe a gwada, wadda ta gano wata dabara ta sanar da saura.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.